Kakar farko da na yi a tseren ratsa daji

Duk wanda ya ji na yi tseren ratsa daji, wato gudun da ake yi a kan ciyawa da taɓo da tudu maimakon kwalta, tambayar da yake fara jefo mini ita ce, "Minti nawa ka yi?" Nakan faɗa masa, amma amsar ba ta nuna komai. Kilomita 8 a filin da ya bushe ƙayau daban, kilomita 8 a wannan filin dai bayan ruwa ya kwana yana zuba daban. Mutum ɗaya da ƙarfinsa ɗaya zai iya samun tazarar mintuna tsakanin biyun. Shi ya sa hukumar guje-guje ta duniya, World Athletics, ba ta ajiye tarihin wanda ya fi kowa sauri a wannan tseren, kamar yadda take yi a gudun fanfalaki ko tseren cikin filin wasa. Mu a tsakaninmu abin da ake tambaya shi ne, "Na nawa ka zo?" Kuma wannan lambar ba taka ba ce kai kaɗai, ta kulob ce.

Kafin nan na daɗe ina gudu ni kaɗai a kan kwalta, agogo ɗaure a hannu, ba wanda ya san na fita balle ya san na dawo. Wani abokin aikina ne ya dinga yi mini naci in zo kulob ɗinsu. Na ce masa ni ba ɗan tsere ba ne, jiki kawai nake motsawa. Ya ce, "Ai ba gwani muke nema ba, mutum muke nema. Sau nawa muna zuwa gasa mu rasa cikon mutum ɗaya, gudun sauran duka ya tashi babu maki." Wannan maganar ce ta kai ni.

Rajista ba ta da wuya. Takarda ce guda: suna, ranar haihuwa, lambar wanda za a kira idan wani abu ya same ka, da ko kana da wata lalura kamar asma ko hawan jini. Ranar haihuwar tana da muhimmanci domin rukuni-rukuni ake kasa mutane, akwai yara, akwai 'yan ƙasa da shekara 20, akwai manya, akwai kuma dattawa, waɗanda a tsarin duniya suke farawa daga shekara 35. Na biya kuɗin shekara, aka ba ni singileti mai launin kulob, aka ce ranar gasa ba a yarda ka tsaya a layi sai da ita.

Ranar atisayen farko koci ya dubi hannuna ya ce, "Malam, cire agogon nan ka sa a jaka. Yau ƙasa ce za ta gaya maka saurin da za ka yi." Muka nufi wani tudu mai ciyawa, ba wani dogo ba, wanda mutum zai hau a guje cikin minti ɗaya ko ɗan fiye. Aikin ranar ke nan, a hau da ƙarfi, a sauko a hankali, a sake hawa. A nan na fara koyon abubuwan da kwalta ba ta taɓa koya mini ba. Idan za ka hau tudu, ka rage faɗin taku, ka ƙara yawansa, ka sa hannuwa su yi aiki, gwiwar hannu tana komawa baya sosai. Kada ka sunkuya daga ƙugu, domin sai ka matse ƙirjinka numfashi ya gagara. Idon ka kuma kada ya tsaya a kan yatsun ƙafarka, ka dubi taku uku ko huɗu a gaba, ƙafa za ta san inda za ta sauka. Abin da ya fi nanatawa shi ne ƙarshen hawan. Yana tsaye a can sama yana kira, "Ba a nan aka gama ba! Ƙara taku goma!" Dalilinsa kuwa shi ne, kusan kowa idan ya kai saman tudu sai ya saki jiki ya nemi numfashi, to wanda ya daure ya ci gaba da gudu na ɗan wannan lokacin, a nan yake wuce mutane ba tare da ya fi su ƙarfi ba.

Gangara ta fi ba ni tsoro fiye da hawa. Jiki da kansa yake son ya ja baya, ya dinga dasa dunduniya yana taka birki, cinyoyi suna shan wahala a banza. Koci ya ce a ɗan karkata gaba, a ware hannuwa kaɗan domin daidaita jiki, a bar ƙafa ta yi ta juyawa da sauri. Faɗa da baki sauƙi gare shi. Sai da aka ɗauki makonni kafin zuciyata ta yarda ta saki.

Wata ranar kuma gudu ne mai canza sauri, wanda ake kira fatilek. A yi gudu da ƙarfi zuwa waccan bishiyar, a lallaɓa zuwa bakin rafi, a sake ɗauka zuwa shinge, babu tsayawa cik. Wani koci ɗan ƙasar Suwidin, Gösta Holmér, shi ya tsara shi a shekarun 1930, kuma saboda 'yan tseren ratsa daji na ƙasarsa ya tsara shi, lokacin da 'yan Finlan suka addabe su da kaye. Hikimar a fili take, tseren kansa haka yake, ba ya barin ka ka zauna a kan sauri ɗaya. Kana samun daidaito sai ga kwana, sai ga taɓo, sai ga hawa, dole ka rage, dole ka sake ɗauka. Ƙarshen mako sai dogon gudu a hankali, wanda ake yi ana hira. Idan ba ka iya magana kana gudun, to ka yi sauri da yawa, za a ce maka ka rage.

Makonnin farko jikina ya gaya mini. Ba gwiwa ba, ita ma hutawa ta yi daga dukan kwalta. Idon sawu ne da sha-raɓa da tafin ƙafa. A kan kwalta kowane taku irin na baya ne, amma a kan ciyawa da saiwoyi da ramuka ƙafa ba ta sauka iri ɗaya sau biyu, sai ƙananan jijiyoyin da ke riƙe da idon sawu su shiga aikin da ba su saba ba. Ga shi ƙasa mai laushi ba ta mayar maka da ƙarfin da ka dasa a kanta, shanyewa take yi. Sai ka ga kana haki sosai alhali saurinka bai kai na kullum ba. Koci ya ba mu ɗan aikin gida, tsayawa a ƙafa ɗaya ido a rufe, da ɗaga dunduniya a bakin matakala. Na riƙe su, kuma har kakar ta ƙare ban yi targaɗe ba.

Sai maganar takalmi, wadda 'yan kulob ba sa gajiya da ita. Takalmin wannan tseren mara nauyi ne, kusan babu katifa a ƙasansa, gabansa kuma akwai ramukan da ake ɗaura ƙusoshi. Ƙusoshin suna da tsawo daban-daban. Milimita 6 na busasshiyar ƙasa mai tauri ne, 9 na ciyawa ta yau da kullum, 12 idan an yi ruwa, 15 kuma idan fili ya zama caɓi. Kowa yana yawo da ɗan ƙunshinsu a jaka da ɗan makullin da ake ɗaure su. Wani dattijo a kulob, wanda kowa ke kira Baba, ya karɓi nawa ya juya shi, ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wa zaren kowace ɗan mai, sannan ya mayar. Ya ce, "Ɗana, in ba ka yi haka ba, tsatsa za ta kama su, ranar da kake son canzawa ko da filaya ba za su fita ba." Ya kuma nuna mini a ɗaure igiya sau biyu, a zagaye tsakiyar takalmin da salatif, domin taɓo yana cire wa mutum takalmi. Sabon shiga ba dole ne ya sayi mai ƙusa ba, takalmin daji mai manyan haƙora a ƙasa ya isa a fara da shi. Wanda ba ya yi sam shi ne takalmin kwalta mai sumul, wannan kam zamewa kawai za ka yi ta yi.

Ranar gasar farko mun isa da wuri sosai, tun ana kafa tantuna. Kowane kulob da tutarsa da inda yake zube jakunkuna. Kyaftin ya raba lambobi, kowa ya maƙala tasa a ƙirji da fil huɗu, sannan ya ce a tashi a taka hanya. Wannan al'amari ne da ba na so sabon shiga ya raina. Zagaye ɗaya muka bi a ƙafa, kuma yawanci zagayen ba ya wuce kilomita 2, sai a maimaita shi har tsawon tseren ya cika. Kyaftin yana tafe yana nunawa. Nan hanya za ta tsuke tsakanin bishiyoyi biyu, duk wanda ya zo a makare sai ya tsaya ya jira. Nan tsakiyar taɓon ya fi zurfi, ku bi gefen hagu inda ciyawa ta rage. Wannan kwanar akwai saiwa a ɓoye cikin ganye. Da muka zo rafin da za a tsallaka, ya sa sanda ya auna ya ce ƙasansa tsakuwa ce, a taka cikin ruwan kai tsaye ya fi a yi tsalle a faɗa kan gaɓar da ke santsi. A nan ne ma mutane suka yanke shawarar tsawon ƙusar da za su ɗaura, aka koma tanti aka zauna ana ta kwancewa da ɗaurewa.

Tseren yara aka fara, sai na mata, sai namu. Muka ɗumama jiki da ɗan gudu a hankali da 'yan gajerun tsere, aka cire rigunan sama a ƙarshe. Layin farawa faɗi gare shi ƙwarai, kowane kulob da gurbinsa, masu sauri a gaba, irinmu a bayansu. Kafin a kira mu koci ya ja ni gefe ya ce, "Za ka ga kowa ya fita kamar an buɗe wa garke ƙofa. Ka bi su har ka wuce matsatsin nan, daga nan ka koma saurinka. Ka tuna da Cheptegei."

Labarin Joshua Cheptegei kowa a kulob ya san shi, domin koci yana yawan nuna bidiyon a wayarsa. Gasar duniya ta 2017 ce a Kampala, a gaban mutanen ƙasarsa Uganda. Ya tsere wa kowa da tazara mai yawa, jama'a suna ta ihu, ana ganin zinare ya zo gida. A zagayen ƙarshe, ƙasa da kilomita ɗaya ya rage, ƙafafunsa suka ƙi. Geoffrey Kamworor na Kenya ya wuce shi ya ci, wasu suka yi ta wuce shi, shi kuwa yana tangaɗi har ya ƙarasa a na 30. Koci yana kawo labarin ne domin ya tsoratar da mu game da saurin farko, amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne bai fita daga tseren ba, ya kai layi, kuma Uganda ta samu tagulla ta ƙungiya a ranar. Bayan shekara biyu, a Aarhus ta ƙasar Denmak, inda hanyar ta bi har ta kan rufin wani gidan tarihi mai ciyawa, shi ya zo na ɗaya.

Aka harba bindiga. Abin da na fi tunawa a mitocin farko shi ne ƙarar ƙafafu da gwiwoyin hannu ta ko'ina, da taɓon da na gaba ke watso maka a fuska. Ba ka ganin ƙasa, bayan mutum kawai kake gani, sai ka dinga lura da kafaɗunsa, idan ya yi tsalle kai ma ka yi. Muka kutsa ta tsakanin bishiyoyin nan, aka ɗan cushe, sannan layi ya miƙe. Daga nan na nemi numfashina.

Zagaye na farko hanyar tana nan yadda muka gan ta. A na biyu ta canza, domin ɗaruruwan ƙafafu sun bi ta kanta. Gefen hagun da kyaftin ya nuna ya zama caɓi shi ma, dole ka nemi sabon wuri da idonka. Taɓo iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa, wanda ƙafa ke nutsewa ta samu ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, wannan ba shi da matsala, ka bi ta tsakiyarsa kawai. Akwai kuma mai danƙo, wanda ke kama takalmi ya riƙe, kana jin ƙarar "cak" idan ka zare ƙafa, ya kuma manne a ƙasan takalmin har ya yi nauyi. A cikin irin wannan na ga wani a gabana ya zare ƙafa babu takalmi, safa kawai. Ya waiwaya sau ɗaya, ya ci gaba a haka. Ruwan rafin kuma sanyinsa ya ratsa har ƙwauri, amma ya wanke nauyin da ke ƙafa, bayan taku kaɗan ka manta da shi.

Matan kulob ɗinmu, da suka gama nasu tseren, ba su tafi canza kaya ba. Sun sa rigunan sanyi a kan taɓon jikinsu sun zo sun tsaya a tsakiyar babban tudun, daidai inda mutum yake fara tunanin ya taka a ƙafa. Wata Hajiya da ta girme ni nesa, wadda a atisaye ba na iya bin ta a hawa, ita ce ta fi kowa murya. "Ɗan'uwa, ɗaga hannu! Ɗaga kai! Ga mutum biyu nan gabanka, sun gaji!" Na ɗaga kai, da gaske kuwa sun gaji. Na wuce su a saman tudun, da taku goman nan na koci.

A farkon zagayen ƙarshe kyaftin, wanda rauni ya hana shi gudu a ranar, yana tsaye bakin igiya da takarda a hannu yana ƙirga rigunanmu. Da na zo daidai shi ya yi kira, "Kai ne na shida! Kai ne na shida! Kada mai jar rigan nan ya tsere maka!" A gasar da muke shiga mutum shida na farko na kowane kulob ake lissafawa. Ma'anar kiran nasa, biyar ɗinmu suna gaba, ni ne cikon, kuma duk inda na ƙare a nan makin kulob zai tsaya. Ban taɓa jin irin wannan a duk shekarun da na yi ina gudu ni kaɗai ba. A kan kwalta idan na gaji nakan rage, ba wanda zai yi asara. A nan kuwa ƙirjina yana zafi, gefen cikina yana suka, amma na san akwai mutum biyar da suka riga suka zuba duk abin da suke da shi, kuma aikinsu yana rataye da ƙafafuna. Mai jar rigar yana gabana da 'yan taku. Na manne masa a gangara, ya ɗan tsere a fili, na sake kamo shi a taɓo domin shi ya bi gefe ni na bi tsakiya. Muka shiga miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, na sha gabansa da ƙyar.

Bayan layi akwai ɗan siririn lungu da aka yi da igiya da turaku, mutum ɗaya yake ɗauka. Masu kula suna ta cewa, "Kada ku tsaya, kada ku wuce juna, ku ci gaba da tafiya!" Domin jerin da kuka shiga da shi shi ne sakamakon. A bakin fita aka miƙo mini ɗan kati mai lambar matsayina, na kai wa mai rubuta mana a tanti. Mai jar rigar yana bayana, hannunsa a kan kafaɗata yana haki. Da muka fito ya ce, "Sannu, Malam. Mako mai zuwa sai ka sake." Tun daga ranar kusan kowace gasa tare muke ƙarewa, wata rana ni a gaba, wata rana shi.

Lissafin makin yana da sauƙi, amma shi ne ran wasan. Wanda ya zo na ɗaya maki 1 gare shi, na ashirin maki 20, a tara na 'yan ƙungiya, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci. A gasar duniya mutum huɗu ake lissafawa cikin shida, to a ɗauki misali da huɗu. Ƙungiyar da ta kwashe na 1 da na 2 da na 3, amma na huɗunta ya zo na 40, tana da 46. Wata kuma da ba ta da kowa a sahun gaba, mutanenta suka zo na 8, 10, 12 da 14, tana da 44, kuma ita ta yi nasara. Idan aka yi kunnen doki, ana duba wanda cikonsa ya riga shigowa. Har wanda bai shiga lissafi ba yana da aiki, domin duk lokacin da ya sha gaban ɗan wani kulob da ke cikin lissafi, ya ƙara wa wancan kulob maki ɗaya. Kenya ta riƙe kambun ƙungiyar maza na duniya shekara 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003. Ana tuna John Ngugi da ya ci sau biyar, da Paul Tergat da ya ci sau biyar a jere daga 1995 zuwa 1999, amma gwani ɗaya ba ya kawo wannan kambun. Na uku da na huɗunsu ne suke shigowa tun kafin na biyun wasu ƙasashe.

Wannan ne ya sa nake ganin babu wani nau'in tsere da ya kai shi mutunta mai matsakaicin ƙarfi. A gudun fanfalaki na cikin gari, idan ba ka cikin na gaba, kai da agogonka ne kawai. A nan gwanin kulob ɗinmu, wanda ya riga ni shiga da mintuna masu yawa, yana tsaye a bakin igiya yana jirana, ba don kara ba, don sakamakonsa yana hannuna. Ga shi kuma fili ɗaya ne yake haɗa mai tseren mita 1,500 da mai gudun fanfalaki, abin da ba kasafai yake faruwa a wani wuri ba. Shi ya sa zinare 11 da Kenenisa Bekele na Habasha ya ci shi kaɗai a rukunin manya na gasar duniya suke da nauyi a idon masu gudu. Yana yi mini ciwo cewa tseren ba ya cikin wasannin Olamfik. An yi shi a 1912 da 1920 da 1924, amma a na 1924 a Paris aka yi shi cikin matsanancin zafi, mutum 38 suka fara, 15 kaɗai suka ƙarasa, Paavo Nurmi na Finlan ya ci, daga nan aka cire shi. Laifin lokacin da aka sa tseren ne, kuma shekara ɗari ta isa a sake dubawa. Wani abin da nake goyon baya ƙwarai shi ne daidaita tsawon tseren maza da mata. Tun 2017 a rukunin manya na gasar duniya kowa kilomita 10 yake yi. A ƙananan gasa har yanzu akan rage wa mata, matan kulob ɗinmu kuwa sun daɗe suna cewa ba su nemi ragin ba, kuma duk wanda ya bi su atisaye ya san gaskiyarsu.

Bayan tsere ba a zama. A yi ɗan gudu a hankali, a cire jiƙaƙƙun kaya nan take, a sa busassu. A gida a kwance ƙusoshi, a wanke takalmi da buroshi, a cusa masa tsofaffin jaridu ya bushe a inuwa, kada a kai shi kusa da wuta domin gam ɗin zai saki.

Kusa da ƙarshen kaka aka zo kan kulob ɗinmu ya karɓi baƙuncin gasa, a nan na ga ɗaya fuskar aikin. Tun jajibiri muka fita da guduma da turaku da nannaɗaɗɗiyar igiya da tutoci. Baba ne jagora. Yana tsayawa a kowace kwana ya sunkuya daidai tsawon mai gudu da ya gaji, ya duba ko tutar gaba tana ganuwa daga nan. Idan ba ta ganuwa sai a ƙara wata. Ya ce mutumin da numfashi ya ƙare masa ba ya tunani, abin da ke gaban idonsa kawai yake bi, na bayansa kuma su bi shi. A nan ya ba mu asalin abin. A makarantun Ingila ne aka fara shi a ƙarni na 19, a matsayin wasan zomo da karnuka, mutum biyu su yi gaba suna watsa guntayen takarda, sauran su bi sawu. Kulob ɗin Thames Hare and Hounds da aka kafa a 1868 daga wannan wasan ya samo sunansa, kuma yana nan har yau. Gasar ƙasa ta farko da aka yi a Ingila a 1876 kuwa soke ta aka yi, domin duk masu gudun sun ɓace hanya. Gasar ƙasa da ƙasa ta fara a 1903 a Hamilton ta Sikotlan, ta zama gasar duniya a 1973 a Waregem ta Beljiyam. "To kun ga," in ji shi, "tun ran farko matsalar ke nan. Ku ƙara tuta."

Muka cike ramukan da za su iya karya ƙafa, muka shafa wa saiwoyi farin fenti, muka sare rassan da ke daidai fuska. Taɓo da tudu da rafi kuwa ba a taɓa su. Ranar gasar ni aka ajiye a mararrabar da masu zagaye ke bi dama, masu ƙarasawa su bi hagu, na tsaya a nan tun tseren yara har na manya. Daga wurin ne na fara ganin na gaba-gaba da kyau, yadda ƙafarsu ba ta daɗewa a ƙasa, taɓon ba ya samun damar kama su. Na kuma ga na ƙarshe, wani dattijo daga wani kulob, ana biye da shi da mai rufe hanya, kuma ba wanda ya cire turke ko ɗaya sai da ya shige.

Da yamma muka kwashe igiyoyi, muka tsince shara, muka miƙa sakamako ga masu shirya gasa. A taron kulob da ya biyo baya aka yi muhawara mai zafi a kan rafin. Wasu suka ce a karkatar da hanya a daina bi ta cikinsa, saboda iyayen yara sun yi ƙorafi kuma yana korar sababbin shiga. Wasu suka ce idan aka cire shi, baɗi za a ce a cire tudun. Aka tsaya a kan cewa yara ƙanana su bi ta gadar katako da ke sama kaɗan, manya su ci gaba da shiga ruwa, a kuma ajiye mutum biyu a gaɓar maimakon ɗaya. Na ɗaga hannu a kan haka, na kuma ce a rubuta sunana cikin masu tsayuwa a wurin idan zagayen karɓar baƙi ya sake zuwa kanmu.